Barnabas Ya Ce

Litinin, 7 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Matata Hilda ba ta dawo ba. Ranar Asabar ya kamata motar asibiti ta ɗauko ta daga Tavuru, motar kuwa ko tashi daga Honiara ba ta yi ba, direban ya ce shi ma yana da 'ya'ya. Na dafa shinkafar mutum biyu, na ci tawa, na zuba wa kaji tata. Silifas ɗinta suna nan bakin ƙofa, sai tuntuɓe nake yi da su, kuma na ƙi kawar da su.

Sai da na ce mata kada ta karɓi aikin nan. Ungozoma 'yar ƙetaren teku, a ƙauyen 'yan ƙasa, a lokacin da 'yan ƙasa suke korar mutanen tsibirinsu! Ta ce, "Baban Rut, ka taɓa jin jariri ya tambayi tsibirin wadda ta karɓe shi?" To, jariri dai ba ya tambaya. Samarin da suka tare gadar Mbera suna tambaya, kuma hanya ɗaya ce daga Tavuru zuwa gari.

Litinin, bakwai da rabi na yamma

Layin taga yau har bakin titi. Tun da na fara karanta saƙonnin jama'a a gidan rediyon Muryar Teku ban taɓa ganin irinsa ba. A da, me ake kawo mana? An haihu, an rasu, jirgin ruwa zai iso Alhamis, a tanadi alade don biki. Yau duk takardun iri ɗaya ne: wane ya zo ya kwashe iyalinsa, wance ta bar gona ta shigo gari.

Da zan shiga, Anti Nesta mai teburin goron bilnat a ƙofar tasharmu ta tare ni, bakinta jawur, ta gutsure sunana yadda ta saba. "Bana, me za ka ce mana yau?"

"Anti, ba ni nake cewa ba, takarda nake karantawa."

"Kai dai! Wa ya san wata takarda? Je ka kasuwa ka ji. Barnabas ya ce jirgi zai zo, Barnabas ya ce za a yi ruwa. Ko ɗana Klement ba ya tayar da motarsa sai ya ji ta bakinka."

Na yi dariya. Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye wa kaina ba. Ni ɗan tsibirin Isabel ne, ba na wannan ɓangare, ba na wancan, shi ya sa kowa ke sauraro na.

Laraba, 9 ga Yuni, tsakar rana

An kwashe oba-obar asibitin Tavuru. Yanzu Hilda tana iya ji na a rediyo ƙarfe shida, ni ba ni da hanyar jin ta.

Alhamis, 10 ga Yuni, biyar na yamma

Bari in rubuta abin nan kafin takaici ya sa in manta yadda ya faru. Mutum biyu aka kashe a gonar kwakwar manja, na san sunan ɗaya, ya taɓa kawo mini saƙon haihuwa. Da safe wani gidan rediyon waje ya ce an kashe gommai, ya kira abin yaƙin ƙabilanci. Silas, mai kula mana da inji, ya san inda labarin ya fito: baturen da ke aika musu labari yana zaune a otal, ɗan tasi ne ya ba shi lissafi, ɗan tasin kuma ƙanen matar Silas ne, mutumin da ko kifi ya kama sai ya ninka tsawonsa.

Manaja ya ce a karanta, tunda daga waje ya fito. Na karanta ƙarfe sha biyu, na ce kafofin waje sun ce. Ƙarfe huɗu su kuma suka ce gidan rediyon ƙasar ya tabbatar. Tabɗi! Mun ara a wurinsu, sun dawo sun ara a wurinmu, ga shi abu ya zama gaskiya.

Na bi ta tashar jiragen ruwa. Mutane da katifu, da kwanon rufi da suka ɓalle daga gidajensu, wata tsohuwa rungume da keken ɗinki. Wani ya hango ni ya ɗaga hannu, "Mun ji ka, Barnabas, ga shi za mu tafi!" Godiya ma yake yi mini.

Asabar, 12 ga Yuni, goma na safe

Festus ya zo daga ma'aikatar gwamnati, da farar riga da jaka. Wantok ɗina ne, wato yarenmu ɗaya, jirgi ɗaya ya kawo mu makaranta muna amai a bokiti ɗaya. Yanzu Mista Barnabas yake ce mini. Ya ce daga yau babu kalmar yaƙi a iska, ɗan saɓani za a riƙa cewa. Ko awa ɗaya bai yi da fita ba waya ta yi ƙara, wani da bai faɗi sunansa ba ya ce in muka sake kiran su ɓata-gari, sun san inda eriyarmu take. Masu kare ƙasa ne sunansu.

Silas ya tofar da jan yawu a gwangwani ya ce, "Oga, mu raba musu. Mu ce masu kare ƙasa sun samu ɗan saɓani da wuyan wani bawan Allah." Ban so yin dariya ba, amma na yi.

Cikin saƙonnin yamma na saka nawa: zuwa ga Sista Hilda a Tavuru, mijinki lafiya, kaji lafiya. Da jar fitilar ɗakin watsa shiri ta mutu Silas ya ce, "Kada ka sake kiran sunanta. Samarin gada ma suna da rediyo, kana tuna musu tana can." Gaskiyarsa.

Lahadi, 13 ga Yuni, bayan coci

Rabin kujeru babu kowa. Fasto ya yi addu'a a kan ɗan saɓanin da ake ciki. Har shi ya ɗauka.

Na kunna tsohon kaset ɗin shirina don gidan ya yi ƙara. Kai, ashe haka nake! Gyaran murya, to to, in karanta suna in koma baya in gyara. Wani manaja ya taɓa cewa zai tura ni kwas a goge ni. Hilda ta ce a bar mata mijinta yadda yake. Ta ce, "Sau ɗaya na taɓa jin ka sumul, ba gyaran murya ba tuntuɓe. Ranar da ka ce mini ka daina shan taba." Sigarin kuwa yana cikin aljihuna a lokacin.

Ina kewar matar nan har abin yana ba ni haushi.

Talata, 15 ga Yuni, shida na safe

Ba labari daga Tavuru. Na sake yin tuntuɓe da silifas.

Laraba, 16 ga Yuni, uku na yamma

Wani katikis, malamin coci, ya iso ta teku. Ya ce mutanen ƙetare da aka kora daga gonaki sun taru a cocin Tavuru, mata da yara sun fi yawa, Hilda tana tare da su, matan ƙauyen suna kai musu rogo da gwaza a ɓoye. Ya ce ƙarfe shida kowa yana zagaye da rediyon asibiti, ko tari ba a yi. Ya ce ta rame.

Ɗan'uwan Silas ɗan sanda ne. Ya gaya masa tun Litinin aka janye 'yan sanda daga gada, ba mai tsaron ta sai samarin nan.

Alhamis, 17 ga Yuni, bakwai da rabi na yamma

Festus ya zo ƙarfe biyar. Bai zo shi kaɗai ba, biyun da ya zo da su suka tsaya a baranda, Anti Nesta ta ba su bilnat kyauta don tsoro. Baƙi masu sulhu za su sauka jibi, ana so su tarar da gari a natse. Ya ajiye takarda a gabana, layi huɗu: an cimma fahimta, an janye shinge daga gadar Mbera, hanya a buɗe take, jama'a su ci gaba da zirga-zirga.

Na ce, "Festus, ka je ka gani?"

"An tabbatar mini."

"Wa?"

"Mista Barnabas, aikinka karatu ne."

Na ce to a ba yarinyar da ke sashen labarai ta karanta. Ya yi murmushi, ya koma yarenmu, ya ce, "Ɗan'uwa, wa zai yarda da ita? Kai ake so. In mutane suka fito da yawa, samarin ba za su iya tare kowa ba, hanyar za ta buɗe da kanta. Ba ka son matarka ta dawo?" Manaja yana tsaye yana kallon fanka, an riga an yi masa maganar lasisi.

Na rubuta saƙo a gefe, ba suna, na ce ma'aikatan asibitocin ƙauye su zauna inda suke tukuna. Festus ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya zare shi, ya ninke, ya sa a aljihun farar rigarsa.

Na karanta. Silas bai ɗago kai ya dube ni ta gilashi ba. Da muka gama Festus ya ce bai taɓa jin na yi karatu mai kyau irin na yau ba.

Wataƙila gaskiya ne an janye. Ai ba a kan komai ɗan'uwan Silas yake da labari ba.

Juma'a, 18 ga Yuni, takwas na safe

Anti Nesta ta tare ni da murna. Klement ya fita tun asuba da akori-kurarsa, zai kwaso mutanen cocin Tavuru. "Na ce masa ya sa matarka a gidan gaba. Yau dai za ka ci abincin kirki, dubi yadda wuyanka ya zama!" Ta tura mini bilnat biyu ta ce in ajiye wa Sista.

Na buɗe baki. Na rufe. Na karɓi bilnat ɗin.

Juma'a, ɗaya na rana

Da sun taso ƙarfe goma, da yanzu sun iso.

Juma'a, huɗu na yamma

Ba su iso ba.

Juma'a, bakwai na yamma

An ce kiɗa kawai za a saka, ba saƙonni yau. Anti Nesta ba ta tashi daga tebur ba, ba ta kuma sayar da komai ba, titi kawai take kallo.

Asabar, 19 ga Yuni, biyu na rana

Baƙi sun sauka. An rataya musu furanni, 'yan makaranta sun busa sarewa, mun watsa kai tsaye daga filin jirgi. Babbansu ya ce ya yi farin cikin ganin hankula sun kwanta.

Waɗanda suka hau motar Klement kuwa, motar coci ce ta kawo gawarwakinsu asibiti ta ƙofar baya, an lulluɓe su da tabarmi da zannuwa. Mai gadi ya gane muryata ya bar ni na shiga. Ban iya ɗaga zane ko ɗaya ba. Ƙafafu na bi ina dubawa, don Hilda tana da tabon adda a babban yatsan hagu tun tana yarinya. Wasu ƙafafun ƙanana ne ƙwarai.

Ba ta ciki. Mai gadin ya ce kada in yi saurin murna, ba duka aka samu ba, kogin ya cika.

Lahadi, 20 ga Yuni

Ban je coci ba.

Litinin, 21 ga Yuni, tsakar rana

Teburin ƙofar tasha babu kowa, an kife shi. Jarida ta sa hoton baƙi da furanninsu a shafin farko. Rediyon waje ya ce ɗaruruwa, ma'aikata ta ce ana bincike kan wani al'amari. Ni na ga ƙafafun, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Takardun rasuwa sun fara zuwa taga. Kowace aka miƙo, sunan nake fara dubawa, in ga ba nata ba ne, in ji sanyi a raina, sannan in ɗago in ga fuskar wanda ya kawo. Allah ya yafe mini wannan sanyin. Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni.

'Yarmu Rut ta bugo daga Suva tana kuka. Na ce mata mamanta lafiya. Ban san ta yaya muryata ta fita ba.

Laraba, 23 ga Yuni, shida na safe

Bilnat ɗin nan biyu sun yi baƙi a kan tebur. Silifas suna nan.

Alhamis, 24 ga Yuni, biyar na yamma

Ta dawo! Ta dawo, Ubangiji na gode maka. Kwale-kwalen 'yan mishan mai inji ne ya kawo su ta teku, ita da waɗanda suka rage. Ina ba kaji ruwa na ji an taɓa ƙyaure. Ta tsaya da jakarta, rigar aikinta ta koma ruwan ƙasa. Na rungume ta ina kuka kamar yaro, ita kuwa ta tsaya kawai, hannuwanta a ƙasa. Ta ce, "A ɗora mini ruwan wanka."

Na kira tasha na ce ba ni da lafiya. Ta yi wanka, ta sha shayi da biskit, ta kwanta da rana tsaka. Ba ta sa silifas ɗin ba, ta tsallake su.

Asabar, 26 ga Yuni, tara na safe

Sai yau ta yi magana. Tana kankare kwakwa, ba ta dube ni ba.

Ta ce da na fara karanta sanarwar, cocin ya ɗauki sowa, mata suna rawa, ana ɗaure kaya. Ita kuwa ta zauna a ƙasa. "Layi huɗu, Baban Rut. Ko numfashi ba ka ja ba."

Da Klement ya iso da safe, ta tsaya gaban motar, ta dafa bonet, ta ce kada kowa ya hau. Aka ce don me. Ta ce hanyar ba a buɗe take ba. Aka ce Barnabas ya ce. Ta ce, a gaban dattawa, a gaban matan ƙauye, "Mijina ƙarya yake yi."

Ta daina kankarar. "Ka san abin da ake ce wa macen da ta faɗi haka a kan mijinta a bainar jama'a? Wani tsoho ya ce in wanke bakina. Wata ta ce ko kishin muryarka nake yi. Klement dariya ya yi, ya ce, Anti, Kawu Bana bai taɓa sa ni a rami ba, ki zo ga gidan gaba na share miki."

Wasu sun sauko, don ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansu. Sauran suka tafi. A gidan gaba wata yarinya ta zauna, mai tsohon ciki, Hilda ce take duba ta tun watan farko.

Na ce, "Hilda, da mutane a baranda. Na rubuta wani saƙon, aka cire."

Ta ce, "Na sani. Ai na ce ƙarya kake yi, ban ce mugu ne kai ba." Ta ci gaba da kankara. Da ta gama ta ɗauko rediyon daga kan kanta, ta zare baturan, ta sa a tocila.

Litinin, 28 ga Yuni, bakwai da rabi na yamma

An samu gawar Klement jiya a bakin kogi. Yau Anti Nesta ta zo taga da kanta, ta bi layi kamar kowa, bakinta fari fat, ban taɓa ganin sa haka ba. Dole a sanar da danginsu na tsibirai su zo jana'iza. Yarinyar labarai ta miƙa hannu za ta karɓa, Anti ta riƙe takardar gam.

"Bana zai karanta."

Na fito. Na ce, "Anti."

"Kai za ka karanta. Muryarka ya bi ya tafi, ita za ta kira masa mutane."

Na karanta. Sunan na kasa fitarwa, na yi ta gyaran murya, na fara, na koma, Silas ya kai hannu zai sa kiɗa na girgiza masa kai. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na fito ta tafi.

A gida na tambayi Hilda ko ta ji. Ta ce rediyon maƙwabta yana da ƙara. Ta zuba mini miyar ganye da dankali, ta zauna kusa da ni har na gama. Wannan ne karo na farko tun dawowarta.

Laraba, 30 ga Yuni, takwas saura na yamma

Festus ya dawo. Baƙi za su koma jibi, ana so a rufe maganar kafin su tashi. Layi uku ne wannan karon: bincike ya nuna motar ta yi lodi fiye da kima, direban yana gudu, ta kauce ta faɗa kogi. Gobe ƙarfe shida. Ya ce in zo da ita gida in saba da ita. Mutanen baranda yau uku ne, ɗaya ya tambaye ni ko Sista ta huta gajiya, ya ce gidanmu mai shuɗin ƙyaure ne, ko ba haka ba?

Na nuna wa Hilda takardar. Ban gaya mata maganar ƙyauren ba. Ta karanta a tsaye, ta ajiye kusa da kwanona.

"To?"

Na dube ta ido cikin ido na ce, "Ba zan karanta ba. Ko me za su yi, gobe ba za ki ji wannan daga bakina ba."

Ta daɗe tana kallo na. Sai a lokacin na ji yadda maganar ta fita: sumul, ban yi gyaran murya ba ko sau ɗaya.

Ta ɗauke kwanon, ban ko gama ci ba.